Filin Tambaya da Amsa: Aji Ɗaya, Kowane Yaro da Inda Karatunsa Ya Tsaya

Wasiƙun da suka zo mana daga Legas a wannan watan kusan duk maganarsu ɗaya ce: haɗa karatun aji da na na'ura, yadda yaro zai ɗauki wani kaso na darasi daga bakin malaminsa, wani kason daga waya ko kwamfuta, kowa ya tafi daidai ƙarfinsa. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji huɗu na firamare a wata makarantar kuɗi, yarana 48. Mai makaranta ya sayo kwamfutocin hannu guda takwas, irin masu faɗin fuskar nan, ya ce daga zango mai zuwa kowane yaro zai riƙa karatu daidai matakinsa. Ni ban ga yadda takwas za su ishi 48 ba, kuma darasina minti 40 ne. Ta ina zan fara?
Daga wata malama, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Takwas ɗin za su isa, har ki ajiye biyu a gefe. Amma ki bar su cikin kwalinsu tukuna. Aikin makon farko shi ne ki gano inda karatun kowane yaro ya tsaya, domin zama a aji huɗu shekarun yaro kawai yake nunawa.

Gwajin na baki ne, yaro ɗaya-ɗaya, minti biyar ga kowa. Yara goma a rana, kin gama cikin mako guda. Ki tanadi takarda ɗaya mai hawa huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan gajeren labari. Ki fara nuna masa sakin layin. In ya karanta bai yi tuntuɓe fiye da sau biyu ko uku ba, ki hau da shi zuwa labari; in ya kasa, ki sauko kan kalmomi, in nan ma ya ci tura, sai haruffa. A lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro irin 52 a cire 27, sai raba lamba mai gida uku da lamba ɗaya. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan salon, kuma an yi aiki da shi a makarantun Kano da Borno.

Akwai abin da ya shafi yaranmu na Legas musamman. Yaro yana jin Hausa a gida, buroka a layi, Yarbanci a kasuwa da makaranta, sannan a yi masa tambayar lissafi da Turanci. In ya kasa, ki sake tambayarsa da Hausa: kana da lemo 52, ka sayar da 27, saura nawa? Da yawa za su ba ki amsa kafin ki rufe baki. Irin wannan yaron Turanci ne ya tare masa hanya, in kika jefa shi cikin masu koyon ƙirga kin ɓata masa zango guda.

Daga nan ki raba su rukuni huɗu, kusan sha biyu-sha biyu. Rukuni biyu suna iya zama a mataki ɗaya, ba komai. Na ƙasa dai ya fi kyau ya zama mafi ƙarancin yara, ko da sauran za su kai sha uku. Wuraren aiki ma huɗu ne: wurin malama, wurin na'ura inda yara biyu ke kan kwamfuta ɗaya, wurin aikin takarda, da wurin da yara ke yi wa juna tambaya biyu-biyu da katin lambobi. Ki fara da darasi ɗaya kawai, lissafi ya fi sauƙin ɗauka.

Minti 40 ba zai ɗauki zagaye huɗu ba, kar ma ki gwada, rabin lokacin zai tafi a jan benci. Ki shimfiɗa zagayen a kan mako. Kowace rana minti biyar na buɗewa tare da kowa, minti 30 kowane rukuni a wuri ɗaya, minti biyar na rufewa. Daga Litinin zuwa Alhamis kowa ya zaga wurare huɗun, Juma'a darasi na bai-ɗaya da ɗan gwaji. In bencinku manya ne masu nauyi, yara su zauna inda suke, kayan aiki ne za su riƙa zagayawa, ke ma ki je ki same su.

Minti 30 ɗin nan da kike yi da yara sha biyu su ne ribar tsarin gaba ɗaya. Na'ura aikinta ta riƙe miki sauran da aiki mai amfani, ta kuma nuna miki abin da suka kasa. A cikin yara 48 ba za ki tsaya kan wanda ya rubuta 35 a matsayin amsar 52 a cire 27 ba, jan biro kawai za ki ja masa ki wuce. A cikin sha biyu za ki ga hannunsa yana aiki: ya ga 2 ba za ta ba da 7 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Ƙa'ida ce ya ƙirƙira wa kansa, kuma zai ci gaba da bin ta har sakandare in ba a kama ta ba. Maganinsa tsinken tsintsiya: ɗauri biyar na goma-goma da aka ɗaure da roba, da tsinke biyu a warwatse. Ki ce ya ba ki bakwai. Zai duba ya ga biyu ne a sake, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Aron ke nan, ya yi shi da hannunsa kafin ya rubuta shi.

Inda abin yake lalacewa kuwa, sananne ne. Shiga manhaja shi ne na farko: ɗan shekara tara da kalmar sirri, minti goma sun tafi a banza. Ki manna lamba a bayan kowace kwamfuta, ki rubuta a bango su wa ke da lamba nawa, a kuma buɗe manhajar tun kafin darasi. A saitin Android, ɓangaren tsaro, akwai hanyar kafe manhaja ɗaya a fuska yadda yaro ba zai zarce zuwa kyamara ko wasa ba. Ki kunna ta. Yara biyu a kan na'ura ɗaya, wanda ya fi baki a cikinsu zai ƙwace, saboda haka doka ita ce ɗaya ya riƙe, ɗaya ya faɗi amsa da dalilinta, a canza bayan kowace tambaya. Sauti sai da iyafis, da ɗan reshen nan mai baki biyu don kowa ya saka nasa. Wasu za su gano cewa in suka yi ta dannawa a ƙarshe za su dace da amsa. Kowa ya rubuta aikinsa a littafi, ke kuma littafin za ki duba, kar ki tsaya a kan makin na'ura.

Wadda ta fi duka ita ce ke ki koma mai gyaran waya. Kina tsakiyar bayanin aro a kira ki wai lamba uku ta ɗauke. Ki naɗa yara biyu a kowane rukuni su zama masu kula, ki koya musu kashewa da kunnawa da duba caji; in ta ƙi, a ɗauko ɗaya daga biyun da kika ajiye. Babu mai zuwa wurinki sai ya tambayi mutum biyu a rukuninsa. Aikin takarda kuma ya zama maimaicin abin da kika riga kika koyar, wanda yaro zai iya kusan dukansa shi kaɗai, da katin amsa a ambulan da za a buɗe a minti biyar na ƙarshe. Sabon abu a wurin takarda surutu yake haifarwa.

Ranar Juma'a tambaya goma ga kowane rukuni daidai matakinsa. Wanda ya ci takwas mako biyu a jere ya matsa gaba. Bayan mako shida ki maimaita gwajin bakin nan ga kowa, ki sake rabo. Makonni biyun farko hayaniya za a yi, ki cika su da aiki mai sauƙi, don tsarin kansa ake koyo a lokacin.

Tambaya: Ina da ƙaramar makarantar firamare, yara kusan 200. Masu talla suna ta zuwa, wannan ya ce allon lantarki, wancan ya ce kwamfuta ga kowane yaro da biyan kuɗin manhaja duk wata. Wuta sai ta ga dama, data kuma kun san yadda ta koma. Abin nan yana ƙara wa yara karatu kuwa, ko ado ne? In yana yi, me zan saya?
Daga wani mai makaranta, Alaba Rago

Amsa: Alhaji, an ga duka biyun. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da masu bincike suka auna, a rahoton da ya fito a 2012, ba su ga ƙari a lissafi ko karatu ba. A birnin Delhi kuma an gwada wata manhaja mai suna Mindspark, wadda take fara auna yaro sannan ta ba shi tambayoyi daidai matakinsa, tare da malami mai koyar da ƙaramin rukuni. Cikin wata huɗu da rabi yaran suka yi gaba sosai a lissafi da harshen Hindi. Binciken, wanda aka buga a 2019, ya kuma nuna cewa a aji ɗaya ana samun tazarar aji biyar zuwa shida tsakanin na sama da na ƙasa.

Saboda haka duk mai tallan da ya zo ka yi masa tambaya uku. Manhajar tana auna yaro kafin ta ba shi aiki? Tana nuna wa malami tambayar da kowane yaro ya faɗi? Tana aiki babu intanet? Allon lantarki a ganinmu shi ne na ƙarshe a layi: darasi ɗaya yake nuna wa kowa kamar yadda baƙin allo yake yi, sai tsada da cin wuta. Ko shirin EKOEXCEL da gwamnatin Legas ta fara a makarantun firamarenta a 2019, kwamfutar a hannun malami take, ɗauke da darasin ranar. Wannan gyaran koyarwar malami ne, abin da kake nema daban ne.

Ga makaranta irin taka, kwamfutocin hannu goma zuwa sha biyu da azuzuwa za su riƙa karɓa-karɓa bisa jadawali sun wadatar, da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, da na'urar Wi-Fi ɗaya ko ba layi a cikinta. A kan tafi-da-gidankan sai a saka Kolibri, manhajar kyauta ta ƙungiyar Learning Equality da aka gina don wuraren da babu intanet. Sau ɗaya za a kai ta inda akwai intanet mai ƙarfi a sauke darussa, irin na lissafi na Khan Academy da labaran African Storybook, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. A makaranta sai a haɗa ta da na'urar Wi-Fi, ƙananan kwamfutocin su shiga ta adireshinta, ba a taɓa data ba. Malami zai buɗe aji, ya zuba sunayen yara, ya raba su rukuni, ya ba kowane rukuni darasinsa da gwajinsa, rahoto kuma ya nuna masa wa ya faɗi wace tambaya. Akwai saitin da yaro zai shiga da sunansa kawai babu kalmar sirri. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, shi ma kyauta ne, kuma a kan tsarin karatun Najeriya aka gina shi.

Abu biyu suke ba mutane wahala a nan. Adireshin tafi-da-gidankan yana iya canzawa duk lokacin da na'urar Wi-Fi ta mutu ta tashi, sai a wayi gari babu kwamfutar da ke shiga; ka sa mai haɗa maka ya kafe adireshi ɗaya tun ranar farko. Sannan darussan Khan Academy a kan tsarin Amurka suke, da Turancin Amurkawa. Dole malami ya zauna ya kalla, ya zaɓi wanda ya yi daidai da darasin mako. Ka ware masa awa biyu a mako don wannan, a cikin lokacin aiki. In ba ka yi ba, zuwa tsakiyar zango kayan sun koma cikin kabad.

Wuta lissafi ce. Batirin kwamfutar hannu yana ɗaukar wat-awa 20 zuwa 30, guda goma kusan 300 ke nan. Tafi-da-gidanka mai jan wat 40 na awa huɗu, 160. Na'urar Wi-Fi mai wat 10, ƙarin 40. Jimla kusan 500 a rana. Farantin sola mai wat 200, da rana mai ƙarfi ta kusan awa huɗu, bayan an cire asarar waya da zafi zai ba ka tsakanin 500 da 600. A Yuni da Yuli, lokacin da hadari ke rufe Legas, ba zai kai ba, saboda haka in da hali ka yi 300. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe 1,200, amma in irin na dalma ne rabinsa kawai ake sha, in ana shanye shi ƙaf ba zai daɗe ba.

Wajen saye, ko a Alaba International da ke maƙwabtaka da kai ko a Computer Village ta Ikeja, ka ɗauki iri ɗaya duka don caja da gilashi su zama ɗaya. Kar ƙwaƙwalwar aikinta ta gaza giga 3, ma'ajiyarta giga 32. Rigar roba da gilashin kariya tun ranar farko. Bakin caji shi ke fara mutuwa, ga hannun yara ga laimar Legas, don haka babba ɗaya ne zai riƙa saka caji da cirewa. Akwatin ajiya ya zama mai makulli da ramukan iska. Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ka ajiye shi don gyara.

Tambaya: Malamin ɗiyata, 'yar aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yana turo bidiyo ta WhatsApp ya ce a kalla a gida, a aji aiki kawai za a yi. Waya mai kyau ɗaya ce a gidan, babanta kuma yana fita da ita kasuwar Mile 12 tun asuba, sai bayan isha'i yake dawowa. An fara yi mata faɗa a makaranta. Ya zan yi?
Daga wata uwa, Idi-Araba

Amsa: Hajiya, tsarin da malamin ya ɗauko yana da asali. Wasu malaman kimiyya biyu a jihar Kolorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, su suka shahara da shi tun 2007: bayani a gida ta bidiyo, aiki a aji inda malami yake kusa. Amfaninsa shi ne yarinya tana iya tsayarwa ta maimaita sau biyar, babu mai yi mata dariya. Sai dai su ɗin sun tanadi faifai ga ɗaliban da ba su da intanet. Wanda ya ɗauki rabin tsari ya bar rabi, yaran gidajen waya ɗaya ne za su biya kuɗin.

Ki je ki same shi, ko ku haɗu ku uku ko huɗu masu irin matsalar, ku nemi abubuwa kaɗan. Ya turo bidiyon mako gaba ɗaya ranar Juma'a, don a kalla Asabar da Lahadi ko duk daren da wayar take gida. Kowane bidiyo kar ya wuce minti shida. Inda bayani ba ya buƙatar motsi, hoton allo ɗaya da saƙon murya sun wadatar: muryar minti biyar ba ta cika kai megabait ɗaya ba, bidiyo mai tsawonta kuwa yana iya cin ashirin ko fiye. Kowane bidiyo ya zo da tambaya uku da za a amsa a littafi, ta nan zai san wa ya kalla, wa kuma ya gane. Wanda bai samu kalla ba, minti goman farko na darasi a zaunar da su gefe su kalla a wayar malam ko ta makaranta, sannan su shiga aiki. Faɗa ko bulala a kan wayar da ba ta hannun yarinya ba daidai ba ne.

A gida kuma, a sauke bidiyon sau ɗaya, a tura shi ta Xender ko Bluetooth zuwa wata tsohuwar waya ko da ba layi a cikinta, ko a zuba a memori. Minti 20 bayan babanta ya dawo, ko kafin ya fita, littafi a buɗe a gabanta, sun isa.

Ƙarin abu ɗaya ga malamai masu karanta wannan filin. Ƙa'idar WhatsApp shekara 13 ce mafi ƙaranci, don haka zauren na lambobin iyaye ne, kuma a kulle shi yadda malami kaɗai ke turawa. Makin yaro ko hotonsa ba a zuba shi a zaure. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ake sarrafa bayanan yaro.

Tambaya: Ina da Islamiyya ta yamma, ɗalibai sittin da wani abu, ni da mataimaki ɗaya. Wasu iyaye suna cewa mu shigo da waya cikin hadda. Ina tsoron kar a lalata karatu.
Daga wani malamin Islamiyya, Obalende

Amsa: Allah ya gafarta Malam, abin da 'yan boko suke nema da na'ura, makarantar allo ta daɗe da shi. Kowane almajiri da allonsa, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya yi nisa a izu. Ba a yi masa ƙari sai ya biya, ba ya wanke allo sai ya riƙe. Matsalar ita ce layi. Ɗalibi sittin a awa biyu, malami biyu, kowa minti huɗu ne rabonsa, sauran lokacin yana jira ko yana maimaita kuskure da ƙarfi har ya zauna masa. Wannan jiran shi waya za ta cike.

A raba su gida uku: masu biyawa a gabanka, masu saurare, masu tilawar baya biyu-biyu a gaban mataimaki. Masu saurare mutum huɗu ko biyar a kan waya ɗaya da ƙaramar sifika, waɗanda suke wuri ɗaya a karatu, aya uku zuwa biyar, a maimaita sau goma, Alƙur'ani a buɗe, yatsa a kan layi. Wayar ta zama babu layi babu data.

A kula da riwaya. Yawancin manhajojin waya Hafs ne, alhali yara da yawa sun taso da Warsh daga gida ko daga tsangaya. Tun a Fatiha za a ji bambanci: Hafs yana jan mim ɗin "Maliki", Warsh ba ya ja, lambobin ayoyi ma ba sa haɗuwa a surori da yawa. Yaron da ke jin wata riwaya a waya, wata a bakin malam, cakuɗa su zai yi. Mafi aminci ka ɗauki muryarka da kanka, shafi-shafi, a ɗaki marar hayaniya, kowane fayil da sunan sura da lambar aya. Iyaye ma sai a tura musu na makon.

Abin da waya ba za ta yi ba shi ne gyaran mafitar harafi. Ba ta ganin inda harshen yaro yake a kan ladi, ba ta jin ya mayar da sa mai ɗigo uku sin. Ƙari daga bakinka yake fitowa, kuma a gabanka ake biyawa. Ka riƙe littafi, kowane ɗalibi da shafinsa: kwanan wata, daga aya kaza zuwa kaza, kuskure nawa, wane iri. Da shi za ka san wa zai zauna da wa a rukunin saurare mako mai zuwa.

Tambaya: An saka ɗana a rukunin da ake koya musu abin aji biyu, alhali yana aji biyar, kuma kuɗin aji biyar nake biya. Ya dawo gida yana kuka. In cire shi?
Daga wani uba, Sabo, Ikorodu

Amsa: Malam, kar ka yi gaggawa. Ka je ka ce a nuna maka gwajin da aka yi masa, a maimaita a gabanka in ana so. Sai ka tambayi abu biyu: me ake so ya iya kafin ya fita daga rukunin, kuma yaushe za a sake gwaji? In sun ce abu kaza, nan da mako shida, ka bar shi, ka riƙa sauraren karatunsa minti goma kullum. In ba su da amsa, ko ka ji akwai yaran da suka shekara a rukunin, to an mayar da shi ajin 'yan baya, ka yi magana da shugaban makaranta. Ka kuma tambaya ko a duk darussa aka saka shi. Yaro yana iya zama baya a karatun Turanci, gaba a lissafi. Kukan kuwa, galibi daga sunan da ake kiran rukunin ne ko tsokanar yara, wannan kuwa malamar ajin tana iya magance shi a rana ɗaya.

Tambaya: Lissafi nake koyarwa a aji biyu na babbar sakandare. Akwai darussan da dole in gama kowane zango, ga WAEC da JAMB a gaba. In na tsaya bin kowa a matakinsa ba zan gama ba. Na gwada gwaji ta Google Forms, kowa ya ci tara ko goma, a jarrabawar takarda kuma suka zube.
Daga wani malami, Ijora

Amsa: Malam, ba a ce ka bar jadawalin zango ba. In darasi biyar kake da shi a mako, uku na kowa da kowa ne a kan darasin mako, biyu na cike giɓi. Giɓin ma ba duka za ka bi ba, sai wanda darasin gaba yake tsaye a kansa. Kafin kwadiratik, wato lissafin da ke da harafin da aka ninka da kansa irin x², alal misali, abu uku ne: lambobin ƙasa da sifili, buɗe baka (bracket), da nemo lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 12, in an tara su su ba da 7. Mako guda kafin darasin ka ba da tambaya tara, uku a kan kowanne. Sakamakon shi zai raba maka aji.

Ka gina amsoshin ƙarya da gangan. A tambayar −3 − 5, ka saka −8 da 8 da −2 da 2. Wanda ya zaɓi 8 ya ɗauko dokar ninkawa, wai ɗebewa biyu suna zama tarawa, ya kai ta inda ba wurinta ba. Wanda ya zaɓi −2 ya cire 3 daga 5 ya manna alama. Ciwo biyu ne daban, kowanne da bayaninsa, kuma taƙaitaccen rahoton Google Forms zai nuna maka mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. A saitin gwaji kana iya liƙa ɗan bidiyo ko bayani da zai fito wa wanda ya faɗi tambaya, kana kuma iya sa amsar da ɗalibi ya zaɓa ta kai shi sashen da ya dace da shi.

Tara da goman da kake gani kuwa, mutum ɗaya ne ya yi, ya ɗauki hoto ya zuba a zaurensu. Hautsina jerin tambayoyi da amsoshi yana ragewa, amma maganin shi ne ka cire riba: ka faɗa musu wannan gwajin ba ya shiga makin zango, kuma wanda ya ci tara za a ba shi aiki mafi wuya shi kaɗai. Kowa ya zo da aikinsa a littafi, ka kira mutum biyar ba zato su yi tambaya ɗaya a allo.

Zaman gaban na'ura yana da wani amfanin a matakinku. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta ƙashin kansu a 2024. Ɗalibin da bai saba karanta tambaya a fuska, yana lissafi a takarda, agogo yana tafiya ba, zai yi asarar maki a kan abin da ya sani. Sau ɗaya a wata ka ba su tambaya 20 a minti 25, a cikin aji, kana tsaye.

Masu sauri kar ka tura su darasin gaba, in ka yi haka nan da mako uku kana koyar da aji biyu a ɗaki ɗaya. Ka ba su tambayoyin WAEC na shekarun baya a kan darasin da ake ciki, na ɓangaren da ake nuna aiki dalla-dalla, ko ka ba su amsar da aka yi kuskure a layi na uku su nemo shi, su rubuta abin da ya jawo shi.